A Ba 'Yan Jere Zaure a Daura

A shekarar 2010 wata haifaffiyar Kaduna mai suna Fatimah Tuggar, wadda take koyar da fasaha a jami'a a Amurka, ta ɗauko faya-fayan kaba irin waɗanda ake rufe ƙwaryar fura da su, ta liƙa wa kowanne 'yar takarda a cibiya, ta ɗora su kan garmaho a gurbin faifan waƙa. Faifan kaba na juyawa, muryar Barmani Choge ta Funtuwa na tashi a ɗakin. Aikin ya shiga gidajen nune-nunen fasaha, har da nunin da aka shirya mata ita kaɗai a kwalejin Wellesley a 2019. A 2024 kuma tana cikin mutum takwas da suka wakilci Nijeriya a babban baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, inda ta je da ƙore. Faifai da ƙwarya dai ba sai an je Italiya ake ganinsu ba. Duk wanda ya ratsa kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, ya wuce kara da hayaniyar dillalan shanu da raƙuma, zai tarar da su zube a ƙasa, ana tayawa ana neman ragi a kan 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Duma ɗaya ne ya haifi ƙwaryar Mai'adua da ta Benis. Abin da ya raba su shi ne inda aka ajiye kowacce, da abin da aka ajiye kusa da ita, da yadda aka sa mai wucewa ya ja birki ya duba. Wannan gwaninta ta tsara kaya a ɗaki har su ɗauki hankali, matan ƙasar Daura sun daɗe da ita a hannu, ita ce jeren ɗakin amarya. Ra'ayina shi ne jere fasaha ce cikakkiya, tana da ƙa'idoji da gwanaye, tana kan hanyar ɓacewa ba tare da an rubuta sunan gwana ko ɗaya ba, kuma masarautar Daura ce ta fi dacewa ta fara ba ta zaure.

Fasahar tsara wuri, wadda ta yi ƙarfi a duniya tun daga wajajen 1960 zuwa 1970, ta sha bamban da zanen da ake ratayewa a bango ko sassaƙar da ake dasawa a dandali. Mai yin ta yakan karɓi ɗaki sukutum, ya zuba masa kaya da haske, wani lokaci har da sauti ko ƙamshi, mai kallo ya shiga ciki da ƙafarsa, bayan 'yan makonni a kwashe komai. Misalin da ya fi kusa da zancenmu shi ne aikin Anila Quayyum Agha, 'yar birnin Lahor na Pakistan da ke zaune a Amurka. Akwati ne baƙi na katako, tsawo da faɗi ƙafa shida da rabi, an huda kowane gefensa da zanen taurari da sarƙaƙƙun layuka irin na fadar Alhambra ta Andalus, an rataye shi a tsakiyar ɗakin da babu komai, an sa ƙwan lantarki guda ɗaya tak a cikinsa. Da an kunna, sai inuwar zanen ta mamaye bango da rufi da daɓe, ta hau rigar duk wanda ya shigo, ta hau fuskarsa. Ita da kanta ta bayyana cewa abin da ya tunzura ta shi ne tasowa a garin da ƙawar masallatai ta zama rabon maza, mata kuwa sallarsu a cikin gida. A 2014 aikin ya ci gasar ArtPrize a jihar Michigan ta fuska biyu, ya lashe ƙuri'ar jama'a, ya kuma raba kyautar alƙalai da wani aikin. Babu surar mutum ko ta dabba a jikinsa ko ɗaya.

To a kwatanta da abin da ke faruwa a Mai'adua ko Sandamu ko Zango kwana ɗaya ko biyu kafin a kai amarya. Gwaggwanni da innoni da yayyen amarya su isa gidan ango da kaya, su sallami maza, su karɓi ɗaki fanko. A cikinsu akwai wadda kowa ya san ita ce mai ido, ko da ba wanda ya naɗa ta. Ita ke tsayawa daga bakin ƙofa tana cewa a ɗaga wannan, a sauke wancan, jan nan ya taru wuri guda, a raba shi. A jeren da, wanda iyayenmu suka shiga, manyan kwalla ake fara girkewa a ƙasa, a bi su da langa da samira, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, har ginshiƙin ya kusa taɓa azara. Ginshiƙin dama dole ya amsa na hagu a tsawo da launi. Fanteka da farantai a jingine ko a liƙe a bango, cikinsu na kallon mai shigowa, wanda ya fi kowanne kyau a tsakiya. Tasoshi an dirje su da toka har suna ɗaukar ido, an ajiye su daidai inda hasken ƙofa ko na fitila zai faɗa musu. Gado mai rumfa a gefe da matasai a jere, faya-fayai masu rini a rataye, turaren wuta na tashi daga kasko. Kafin zuwan kwanon fenti, ƙore masu zane da akusa da tasoshin tagulla ne ke cika wannan gurbi; kafin siminti kuma matan da kansu suke yin daɓe, da madaɓi da ruwan makuba da waƙa. Sannan a buɗe ƙofa, mata su yi ta tururuwar ganin ɗaki, a yaba, a kushe, a tambayi wadda ta yi jeren. Ɗaki guda aka karɓa fanko, aka yi aiki da kaya da haske da ƙamshi, masu kallo suka shiga da ƙafarsu, masu sharhi suka tofa albarkacin bakinsu, bayan wani lokaci kuma tsarin ya sauya ko ya watse. Ban ga sharaɗin fasahar tsara wuri da ya rage ba.

Ƙa'idojin da mai idon nan take bi, ko da ba za ta iya lissafa su da baki ba, su ne dai waɗanda adon Musulunci ya ginu a kansu daga Andalus zuwa Farisa: maimaita siffa ɗaya har ta zama tsari, daidaita dama da hagu, tsayar da cibiya da komai ke kewayawa, da cike fili ba tare da neman surar mai rai ba. Su ne a zayyanar allon sauka da ta bangon Alƙur'ani rubutun hannu, su ne a aska takwas da tambari na ƙirjin babbar riga, su ne a dagin da ke fuskar soraye, su ne a ɗaurin gugan da magina ke kammalawa da liƙa faranti a ƙololuwarsa. Farantin nan da ke tsakiyar rufin soron sarki ɗan'uwan wanda ke tsakiyar bangon amarya ne. Bambancin yana wajen suna. Mun san Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Mun san Alhaji Falke Barmu, wanda ya fara ginin masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Magina suna da sarkinsu, maƙera suna da nasu, marina da madunka haka. A tambayi mutum sunan gwanar jere ɗaya da ta yi zamani a ƙasar Daura, in ya sani to kakarsa ce ko maƙwabciyarta.

Dalilin wannan giɓi yana cikin fasalin gidan Bahaushe. Gida yana da wurin nuni biyu. Na farko fuskar gida da zaure, inda mai gida ke nuna arzikinsa da zanko da zanen bango, kowa na gani, baƙo na gani, Baturen mulki da mai bincike da mai ɗaukar hoto duk sun gani sun rubuta. Na biyu yana bayan zauren ciki, inda namiji baligi ba ya wucewa sai muharrami. Rabin tarihin adonmu a can yake, shi ya sa bai shiga littafi sosai ba. A nan ne kuma labarinmu ya rabu da na Agha, kuma ya kamata 'yan matanmu masu karatun fasaha su lura da wannan kafin su ari kukan wasu. Ita kukanta shi ne an rufe mata ƙofar wurin da ƙawa take. Bahaushiya kuwa, da ta ga waje na maza ne, sai ta gina nata wurin ƙawar a ciki, ta mallake shi. Kayan ɗaki nata ne ba na miji ba. In aure ya mutu da su take fita, in ta shiga matsi ta sayar da saiti ɗaya, in ta aurar da 'ya ta cire daga ciki ta ƙara mata. Wannan ba ya nufin kulle bai tauye kowa ba, ko cewa ɗaki mai kyau ya isa ya maye gurbin makaranta. Yana nufin akwai iko da basira a wurin da masu kallo daga nesa suke zaton babu komai sai zaman jira. Abin mamaki ne a ce garin da tarihinsa na baka ya fara da jerin sarauniyoyi har zuwa Daurama, garin da har yau sarautar Magajiya ke da gurbi a fadarsa, abin da yake nuna wa baƙo shi ne rijiyar Kusugu da labarin takobin Bayajidda da hawan dawaki, aikin hannun mata kuwa sai dai a hange shi a matsayin tsaraba.

Jeren da yana mutuwa, kuma ba na cikin masu cewa a tilasta wa amaryar yau ta koma wa kwalla. Kabad mai gilashi ya kori ginshiƙi, tangaran da kuloli suka kori kwanon fenti, dibaida ta zo ta wuce, yanzu saitin gado da kujeru ake ɗaukowa daga wurin kafinta, tsarin kuma a kwafo shi daga hoton waya. Kowane zamani da nasa, kuma a cikin sabon ma akwai masu ido. Abin da ke damuna shi ne yadda tsohon ke tafiya ba shaida. Tsohuwa ta rasu, a raba gado, jikoki su ga tarin kwanuka masu tsatsa a ƙarƙashin gado, mai jari bola ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin ƙarfe. Wadda ta san dalilin da ya sa kore ba ya zama kusa da shuɗi a hawa na uku ta tafi da saninta. Gidan Makama a Kano ya yi ƙoƙari da ya keɓe wuri don nuna ɗakin amarya, amma irin wannan nuni yakan gabatar da abin a matsayin al'adar jama'a, kamar ɗakin ne ya jera kansa.

Suka ta farko da za a yi wa wannan ra'ayi ta addini ce, kuma ba ta wasa ba ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta rataye labule mai surori a ɗakinta, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nuna ƙyamarsa, ta yanka shi ta yi matasai da shi. A wata ruwayar ta Muslim akwai nunin cewa ba a umarce mu da tufatar da duwatsu da laka ba. Mai suka zai ce to ga shi nan, ado a bango ma an yi magana a kansa. Amma malamai irin su Imamu Nawawi sun ɗauki batun lulluɓe bango a matsayin karhanci, haramcin kuwa yana kan surar mai rai. Kuma a littafin Muslim ɗin dai akwai hadisin da ke tabbatar da cewa Allah yana son kyau, aka kuma bambanta son kyau da girman kai. Fatawa ta malamai ce, ba ta marubucin jarida ba. Abin da ido ke gani dai shi ne al'ummar Musulmi ta amsa wannan hani ne ta hanyar karkatar da basirarta zuwa layi da lissafi da rubutu da fure, har ta samar da adon da duniya ke tafiya kallo. Jere yana cikin wannan gida. Wanda ya yarda da zayyanar allo da aikin wuyan rigar liman, da wuya ya samu hujjar ƙin ginshiƙin kwanuka don kawai mace ce ta tsara shi.

Gaskiya ne a cikin fasahar zamani akwai ayyukan da ke taɓa abin da mutane ke girmamawa. A watan Janairun 2015 an janye wani aiki na Zoulikha Bouabdellah, 'yar asalin Aljeriya, daga wani nuni a Clichy kusa da Paris: dardumomin salla ne aka jera, a kan kowacce an ɗora takalmin mata mai tsini. Ita tana nufin nuna matsayin mace a wurin ibada, amma ba sai an faɗa ba, a Mai'adua ba wanda zai tsaya sauraron bayanin, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai aiki ɗaya ko goma ba su ne fannin ba. A 2023 aka buɗe baje kolin fasahar Musulunci na farko a Jidda, a tashar alhazai ta filin jirgi, rumfunan nan da dubban mutanen Katsina suka kwana a ƙarƙashinsu suna jiran jirgi, kuma mace ce ta jagoranci tsara shi, Sumayya Vally 'yar Afirka ta Kudu. Ayyuka da dama a wurin na tsara wuri ne, a kan alƙibla da salla da hijira. Kusa da mu ma, a Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci da bulon ƙasa a gefensa, aka kammala a 2018, da nufin mata da yara su samu wurin shiga. Ƙauyen Hausawa ne, mata biyu ne suka zana, kuma ana salla a ciki.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina. Kayan ɗaki sun zama dutse a wuyan iyaye. A kasuwar Mai'aduan nan ake sayar da saniyar da aka yi shekaru ana kiwo don a sayi gado da kujeru. Akwai wanda gonarsa ta tafi jingina, akwai yarinyar da aurenta ya yi ta ja da baya don uba bai shirya ba, akwai wadda ta shiga gidan miji ta sha gorin dangi saboda ɗakinta bai cika ba. Tun 2012 gwamnatin Kano ta shiga aurar da zawarawa tana haɗa musu da kayan ɗaki, shaida ce cewa nauyin ya fi ƙarfin talaka. Mai suka zai ce ɗaukaka jere ƙara wa gasa wuta ne. Amsata ita ce gasar ta kuɗi ce, jere kuwa na ido ne, kuma rikita su biyun shi ne ya kawo mu inda muke. Lokacin da ake tambayar wa ta yi jeren, 'yar talaka mai gwaggo gwana tana iya kere 'yar attajiri, don kwano ashirin da aka tsara da basira sun fi ɗari da aka jibge. Yanzu da tambayar ta koma nawa aka saya kuma daga ina, babu abin da basira za ta iya yi wa mai ƙaramin ƙarfi. Tsohon kwano kuma ajiya ne, ana iya mayar da shi kuɗi. Katakon da ake matsawa daga garin itace damina biyu ke kumbura shi. Bugu da ƙari, abin da nake kira a yi shi ne a fitar da gwanintar daga wuyan uban amarya a kai ta zauren da ba auren kowa ake yi ba, inda ba mai cin bashi don a gani.

Akwai masu cewa ai kwanon fenti ba namu ba ne, daga Turai da Hong Kong aka riƙa kawo shi kafin masana'antun Legas da Kano su fara bugawa. Haka ne. Shaddar gezna ma daga Ostiriya take zuwa, ban taɓa jin wanda ya ce aska takwas da aka yi a kanta ba aikin Bahaushe ba ne. El Anatsui, ɗan Gana da ya yi shekaru yana koyarwa a Nsukka, da marafan kwalabe yake ɗinka manyan mayafan ƙarfen da suka kai shi ga kyautar girmamawa ta Benis a 2015, ba wanda ya tambaye shi wa ya ƙera marfin. Maƙerin kwano ya yi shi ne don a ci tuwo; wadda ta kife shi, ta ɗora wani a kansa, ta mai da shi ginshiƙi, ita ce ta ba shi aikin da maƙerinsa bai taɓa tunani ba.

Sukar da ta rage mai ƙarfi ita ce ta sirri da ta riba. Ɗakin mace al'aurar gida ne, in ji wasu, bai kamata a baje shi a kasuwa ba. Kuma ko an baje, ɗan boko mai kyamara da mai Turanci ne za su ci moriyar, tsohuwar da ta yi aikin a sallame ta da goro. Kashi na farko yana da sauƙin warwarewa, domin ba ɗakin kowa za a buɗe ba, ɗaki fanko za a ba gwana ta jera, kamar yadda ake ba ta a gidan ango, kuma ana iya ware ranakun da mata kaɗai za su shiga. Kashi na biyu kuwa gaskiya ne tsagwaronta, ya sha faruwa da masaƙa da marina da masu tukwane a faɗin Afirka. Maganinsa suna da biya. Tuggar ta sa sunan Barmani Choge a bayanin aikinta, haka ya kamata, kuma haka ya kamata a yi wa mai saƙa faifai da mai zanen ƙwarya. Muna da misalin abin da suna ke yi. Ladi Kwali tukwanen ruwa take ginawa irin na matan Gwari, kamar dubban mata kafin ita. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga aikinta ya tara a fadarsa, a can wani Bature mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954 a matsayin mace ta farko. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta ne a bayan naira ashirin. Gwanintar tana hannunta tun kafin kowa ya zo. Abin da sarki ya ƙara shi ne ya ajiye tukunyar a inda ake ajiye abu mai daraja, ya kuma riƙe sunan mai ita.

Wanda zai ce ana fama da tsadar hatsi wa ke ta kwanuka, ba zan yi masa alkawarin masu yawon buɗe ido ko dala ba. Mutanen Mai'adua sun ga yadda rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, suka tsayar da hada-hada a kan iyakar Kwangwalam, sun san ba nunin fasaha ne zai cike wannan rami ba. Iyakar abin da zan ce shi ne aikin ba ya buƙatar kwangilar gini ko kayan waje. Kayan suna cikin gidaje, gwanayen suna raye, ɗakuna fanko kuwa ba su yi wa sakatariyar ƙaramar hukuma ko makarantun Daura ƙaranci ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, sa'ad da Daura ke cika da baƙi daga ciki da ƙetaren iyaka. Masarauta ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar tana da ƙananan hukumomi biyar, Daura da Mai'adua da Zango da Ɓaure da Sandamu. A ba kowacce ɗaki ɗaya, matan wurin su zaɓi gwanarsu da kansu, kada hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ya zaɓa musu. Wata ta yi jeren ƙwarya da akushi, wata na kwalla da tasa, wata na kabad da tangaran, don a ga yadda ido ɗaya ya bi ta kan kaya daban-daban. A gayyato gwanaye daga Matamaye da Kance da Damagaram, tunda jeren bai san iyaka ba, aure ma bai sani ba. Ofishin Magajiya ya fi cancanta ya riƙe ragamar. A rubuta sunan kowace gwana da garinta a bakin ƙofa in ta amince, a biya ta kuɗin aiki bayyananne kamar yadda ake biyan magini. A bar ɗaki na shida fanko ga 'yan mata masu karatun fasaha a Zariya da sauran jami'o'i, su zauna da tsofaffin nan mako guda kafin su taɓa komai, sannan su yi abin da suka ga dama da haske da inuwa da sauti da faifai, ko da abin da za su faɗa game da aure da kulle da kishi ba zai yi wa kowa daɗi ba. Ɗalibai mata su ɗauki hira da hotuna da izinin masu su, a ajiye kwafi a fada, a kai wani gidan tarihi na Katsina. Duk kwanon da aka aro a rubuta shi a takarda da sunan mai shi da adadinsa, mace biyu su sa hannu a matsayin shaidu, a mayar da shi cikin mako biyu da rufe nunin, wanda ya fashe ko ya ɓata kuma kwamiti ya biya kafin a sake aron na kowa.